Shin da gaske barbara tana rage wa ƙuda kwana?

Tambaya: Assalamu alaikum, Dakta. Na ji an ce masana sun gano cewa ƙudan da ya yawaita barbara ba ya yin tsawon rai. Gaskiya ne? In haka ne, ɗan Adam ma abin ya shafe shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Gaskiya ne, sai dai ba ƙudan gida ake nufi ba. 'Yan mitsi-mitsin ƙudajen nan ne masu jajayen idanu da ke taruwa a kan ruɓaɓɓun 'ya'yan itace, waɗanda masana ke kira Drosophila melanogaster. Daga ƙwai zuwa balaga kwana 10 ne, duk rayuwarsu kuma wata biyu zuwa uku, shi ya sa masu binciken tsufa suka riƙe su hannu bibbiyu.

A 1981, Linda Partridge da Marion Farquhar na Jami'ar Edinbara sun riƙa ba kowane namiji mata 8 a kullum, waɗanda ba a taɓa barbararsu ba. Waɗannan mazan su suka riga kowa mutuwa. Waɗanda aka zuba wa mata 8 da aka riga aka barbara, masu korar namiji, ba abin da ya same su. Ke nan ba cunkoso ya kashe na farkon ba, wahalar nema ce da barbarar kanta: namijin ƙuda sai ya bi mace, ya yi ta kaɗa mata fiffike ɗaya kamar mai waƙa kafin ta yarda.

Labarin matan ya fi ban mamaki. Da farko an ɗauka yawan saka ƙwai ne ke cinye su. Sai a 1995 Tracey Chapman da abokan aikinta suka nuna cewa akwai laifin ruwan da ke rakiyar maniyyin namiji. Mazan da ba su da ƙwayoyin maniyyi amma suna da ruwan sun rage wa mata kwana, waɗanda aka hana yin sinadaran ruwan kuwa ba su yi musu wannan illa ba. A cikin ruwan akwai wani ɗan ƙaramin furotin mai amino asid 36 (wato tubalan da ake gina furotin da su), wanda aka gano a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan a 1988. Da ya shiga jikin mace sai ta ƙara saka ƙwai, ta ƙara ci, ta yi kwanaki tana korar sauran maza.

Me ya sa namiji zai cuci uwar 'ya'yansa? Saboda mace tana adana maniyyi a jikinta, kuma wanda ya zo daga baya shi ke samun mafi yawan 'ya'yan. Ribar namiji ita ce ta zuba ƙwai yanzu-yanzu da nasa; in ta mutu da wuri, asarar ta wani ce. Brett Holland da William Rice sun gwada wannan a 1999: suka tilasta wa ƙudaje zaman namiji ɗaya mace ɗaya har zuriya 47, sai illar mazan ta ragu, juriyar matan ma ta ragu. A wurina wannan gwajin ya fi sauran kyau, domin ya nuna cewa gogayya tsakanin maza ce ta haifi gubar da ke cikin ruwan.

Game da ɗan Adam, ka kwantar da hankalinka. Mutum ba shi da wannan furotin, mace kuma ba ta da ma'ajiyar maniyyi irin ta ƙuda. Duk wanda ya kawo maka wannan bincike a matsayin hujja kan zaman aure ya ɗora masa kayan da ba nasa ba. Abin da masana ke ɗauka daga ƙuda zuwa sauran dabbobi shi ne alaƙar abinci da haihuwa da tsufa: rage ƙarfin saƙon insulin (sinadarin da ke daidaita sukari a jini) a jiki yana tsawaita rai a tsutsa da ƙuda da ɓera.