Buhu 7 na taki, buhu 30 na shanshera: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomin shinkafa ne a fadamar Argungu. Gonata ta gado ce, tun ina yaro nake jin ana ce mata hekta ɗaya. A ranin bara na dasa irin shinkafar nan FARO 44, na zuba buhu 4 na NPK 15:15:15 da buhu 3 na yuriya kamar yadda aka ce ana yi wa hekta. Shinkafar ta yi duhu ƙwarai, amma rabinta ta kwanta kafin yanka, na tashi da buhu 30, maƙwabcina kuwa yana cewa buhu 60 yake samu a hekta. Na taka gonar da ƙafa: tsawonta taku 120, faɗinta taku 88 ta gabas, 72 ta yamma. Takin ne ba shi da kyau, ko ƙari zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ƙara ko cokali. Da ka aiko da yawan takun nan ka riga ka amsa rabin tambayarka da kanka, domin gonarka ba ta kai hekta ba, da kaɗan ma ta wuce rabi.

Hekta fili ne mai mita 100 tsawo, mita 100 faɗi, wato murabba'in mita 10,000. Eka kuwa murabba'in mita 4,047 ce, saboda haka sai an haɗa eka biyu da rabi, sauran kaɗan, ake samun hekta. A karkara sau da yawa sunayen nan biyu musanya su ake yi, wani ma duk gonar da ya ga ta yi masa girma a ido hekta ce.

Takun babban mutum idan yana tafiyarsa ta yau da kullum yakan kai kamar kashi uku cikin huɗu na mita, taku 4 ke nan mita 3. Tsawon gonarka, taku 120, ya zama mita 90. Faɗin tun da bai zo daidai ba, sai a haɗa 88 da 72 a raba biyu, a sami 80, wato mita 60. Ninka 90 sau 60: murabba'in mita 5,400. Raba da 10,000, ka sami 0.54. Wannan lambar ka rubuta ta a bangon rumbu, domin duk abin da aka ce maka "kaza ake sa wa hekta", taki ne, iri ne ko maganin ciyawa, da ita za ka ninka shi. Amma fa takun kowa daban ne. Ka sami igiya da aka auna da tef, a yi mata ƙulli duk bayan mita 10, kai da yaro ɗaya ku zagaye gonar kafin rana ta take. Wayoyin zamani ma suna aunawa idan mutum ya bi iyaka da ƙafa, sai dai a ƙaramar gona na fi amincewa da igiya.

To, taki. Buhu 4 na NPK kilo 200 ne, sau 0.54 ya ba da kilo 108, buhu 2 da 'yar ɗoriya. Buhu 3 na yuriya kilo 150 ne, rabon gonarka kilo 81, buhu ɗaya da rabi da ɗan ƙari. Gaba ɗaya ba ka buƙaci buhu 4 cikakku ba, ka zuba 7. Abin da ya kwantar da shinkafar ke nan. Idan naitirojin, ɗaya daga sinadaran da ke cikin taki, ya yi mata yawa sai ta zuba ganye, kara ya yi tsawo ya yi laushi, cuta ta sami wurin zama, zangarniya na yin nauyi iska ɗaya ta shimfiɗe ta a ruwa. Duhun nan da ya faranta maka rai shi ne gargaɗin farko.

Lambobin da ke jikin buhu ma ya kamata a san karatunsu, domin da su ake cin kasuwar manomi. Kason sinadari ne cikin ɗari: na farko naitirojin, na biyu fosfet, na uku fotash. Buhun 15:15:15 mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 7.5 na kowannensu. Yuriya kashi 46 ce, buhu ɗaya kilo 23 na naitirojin zalla. Wancan tsarin na buhu 4 da buhu 3 yana ba hekta kilo 99 na naitirojin, da kilo 30-30 na sauran biyun. Idan ka je kasuwa 20:10:10 ka tarar, ba buhu da buhu ake musanya su ba. Shi buhunsa kilo 10 ne na naitirojin, sauran kuwa kilo 5-5, don haka hekta tana son buhu 6 kafin fosfet ya cika, yuriya kuma ta sauko ƙasa da buhu 2.

Wurin zubawa ne lissafi yakan watse, domin mai watsa taki yakan saki hannu a fangalolin farko, na ƙarshe su tashi da ƙura. Kilo 200 a hekta giram 20 ne a kowane murabba'in mita. Fangali mai mita 5 da mita 4 zai ci giram 400 na NPK. Ka kai gwangwaninka wurin mai sikeli sau ɗaya, a auna giram 400, ka ja layi a jikinsa da ƙusa. Yuriya a yi mata nata layin daban, ta fi NPK rashin nauyi. Ita kashi biyu ake yi mata, giram 150 ga irin wannan fangalin kowane zubi: na farko kamar sati 3 bayan dashe lokacin da take 'ya'ya, na biyu idan za ta fara ɗaukar ciki. A rage ruwa, a toshe kafa, kada takinka ya tafi gonar ƙasa.

Sai maganar buhu 30 da buhu 60. Buhu ba ma'auni ba ne, ballantana na shanshera, da wani yake ɗinke bakinsa a sake, wani kuma sai ya sa taɓarya ya danna ya ɗora masa hula. Ka ɗora naka guda uku a sikeli ka ɗauki tsaka-tsaki. Mu ce kilo 80 ne: buhu 30 kilo 2,400 ke nan. A nan rabawa ake yi da 0.54, ba ninkawa ba, ka sami kilo 4,440 da 'yan kai, kusan tan 4 da rabi a hekta, ko buhu 55 irin naka. Ashe ratar da ke tsakaninka da maƙwabcinka buhu 5 ce, kuma da shinkafar da rabinta ya kwanta. Wannan ma idan tasa gonar an taɓa sa mata igiya.

A kula da danshi wurin awon. Shanshera ana lissafa ta ne a danshi kashi 14 cikin ɗari, busasshiyar da idan ka ciza take ƙas. Kilo 100 da aka auna ranar casa da danshi kashi 22, idan ya sha rana zai koma kilo 91 ko ƙasa kaɗan.

In kana son sanin abin da za ka samu tun shinkafa tana tsaye, ka ɗaure sanda huɗu masu mita ɗai-ɗai su yi kusurwa huɗu, ka yanka wuri biyar a gonar, ban da bakin kunya inda ta fi kyau, ban da inda ido ya zaɓa maka. A casa, a shanya, a auna, a raba biyar. Kowane giram 100 a murabba'in mita tan ɗaya ne a hekta. Idan ka sami giram 500, tan 5 ke nan, a gonarka kilo 2,700, wajen buhu 34.