Tankina na gona ni ina gari, wace na'ura ce ba ta shan batir?

Tambaya: Salam malam. Ina da gonar kaji wajen kilomita 4 daga gida, sau biyu ruwan tanki na ƙarewa ban sani ba sai na je na tarar kaji na ta haki. Wani yaro ya haɗa min na'ura mai layin waya tana turo min saƙo amma kwana 3 batir ya mutu. Dan Allah akwai mafita?
Mai kiwon kaji, Kura

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a kiwo. Gaskiya abin ya taɓa ni, don duk wanda ya ga kaza ta buɗe baki ta saki fukafukai a zafin Afrilu ya san asara ce ke ƙwanƙwasa ƙofa. Yaron nan ya yi ƙoƙari, matsalar ita ce irin wancan guntun mai sim kullum a farke yake yana gaisawa da ƙarfen sabis, kuma in zai tura saƙo yakan fizgi wuta har amfiya 2 a ɗan lokaci, toh ina ƙaramin batir zai kai labari.

Abin da ya dace da kai sunansa LoRa, wata fasaha ce ta aika ƙananan saƙonni nesa ta siginar rediyo. Wani ƙaramin kamfani ne Cycleo a garin Grenoble na Faransa ya ƙirƙiro shi, Semtech na Amurka ya saye kamfanin a 2012. Sirrinsa barci ne wallahi. Na'urar za ta farka misali duk minti 15 ta auna ruwa ta faɗi kalma ɗaya, "saura rabi", ta koma ta kwanta, kuma a barcin nan wutar da take ci ba ta taka kara ta karya ba, shi ya sa batir ke iya shekara har fiye. Siginar kuma kamar fito take, amonta na tashi daga mai kauri zuwa siriri, irin yadda fiton makiyayi ke ratsa hayaniya a jiyo shi daga nesa, don haka kilomita 4 a fili ba komai ba ne, ba sim ba data.

Biyu za ka saya, ɗaya a tanki ɗaya a gida, kuma ka duba lambar zangon rediyo da ke jikin kwali ta zama iri ɗaya, akwai 433 akwai 868 akwai 915, in ka gauraya ba za su ji juna ba, wadda aka halatta kuma hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ce ke da ta cewa. Eriya a ɗaga ta can saman ƙarfen tankin, batir kuma a yi masa inuwa, rana na cinye shi. Amma kar wani ya ruɗe ka da zancen kyamara, LoRa ba ta ɗaukar bidiyo, 'yan lambobi kawai take iyawa.

Tambaya: Malam in na maƙala AirTag a mashin ɗina aka sace zan gano shi?
Ɗan acaɓa, Gusau

Amsa: Ɗan uwa Allah ya tsare. AirTag, ɗan abin gano kayan da suka ɓata da kamfanin Apple ya fitar a 2021, ba shi da GPS, Bluetooth mai ƙarancin cin wuta yake amfani da shi, shi ya sa batirin nan mai kamar kwabo CR2032 ke kai shi kusan shekara. Sai wani mai iPhone ya gifta kusa sannan a sanar da kai inda yake. Cikin gari zai iya taimaka maka, in an shiga daji da mashin ɗin kuwa shiru za ka ji, ka nemi tiraka mai sim wadda ake jonawa da batirin mashin.