Ga 'yar uwar da ke tambaya kan kafet da tayil

Assalamu alaikum. 'Yar uwa da kika ce za ku tare a sabon gida, Oga yana so a malale falo da ɗakuna da kafet bango zuwa bango, ke kuma hankalinki ya fi kwanciya da tayil saboda yaranki biyu ƙanana, wallahi kin sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Ina tsaka da girki na ga tambayarki, sai da na rage wuta na zauna.

Ni ma 'yar kafet ce a da. Nawa na jere ne, kalar jinin kare, mai laushin da ƙafa ke nutsewa ciki. Gwaggona ce ta zaɓa da kanta, duk wanda ya zo ganin ɗaki sai ya yaba. Gidan haya muke a nan Kano, ƙasan siminti ne tsura, aka shimfiɗa shi aka jera gado da kujeru da wadirof a kai. Shekara uku ina share shi safe da yamma da tsintsiyar kwakwa, ina bi da turaren wuta, ina ganin kaina mai tsafta.

Sai wani dare cikin watan Agusta. Kin san yadda sama ke kecewa a watan nan. Baban yara ya yi tafiya, an ɗauke wuta, ni kaɗai da goyo da mai shekara biyu. Kukan ƙaramin ne ya tashe ni, na sauko da ƙafa daga gado sai na ji tsundum. Ruwa har idon sawu. Kuma ba ruwan sama zalla ba ne, kwatar tsakar gida ce ta toshe ta tumbatsa, ta biyo ta ƙarƙashin ƙofa da duk ƙazantar da ke cikinta. Na kunna fitilar waya na ga takalman yara suna yawo a tsakar ɗaki. Na ɗauki bokiti ina kwasa ina kuka, ina kwasa yana ƙara shigowa, har aka kira assalatu. Da ƙasan tayil ne, ruwa na janyewa in kora da tsintsiya, in wanke da omo, in goge, magana ta ƙare. Amma kafet ya sha ya ƙoshi, ga kaya masu nauyi a kansa. Kwana uku kafin in samu samarin unguwa su ɗaga min kaya, kuma su huɗu da kyar suka iya jan shi waje. Babu rana ballantana ya bushe. Warin nan, 'yar uwa, har yau in na tuna sai zuciyata ta tashi. Abin da na gani a ƙarƙashinsa kuwa ya kunyata ni: ƙurar shekara uku ta zama taɓo, ga fumfuna baƙi ƙirin, ga kyankyasai suna gudu. A kan wannan ɗana yake rarrafe.

Mai gidan hayar nan kuwa, Allah ya isa tsakanina da shi. Tun kafin damina ta sauka sau uku Baban yara yana masa maganar kwatar, kullum sai ya ce gobe zai turo yaro. Da abin ya faru ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa, ya tattare babbar rigarsa kada ta jiƙe, ya leƙa ya ce min wai "Hajiya, ai ruwa rahama ne." Ko sannu. Ranar da za mu tashi kuma shi ne har da cewa mun lalata masa siminti, sai mun biya gyara. Mutumin da ko kwana ɗaya bai taɓa ɗaga mana ƙafa kan kuɗin haya ba! Kai, bari in bar maganarsa, raina ɓaci yake.

Bayan nan babban nawa ya kama tarin dare da shesshekar numfashi. Tambayar farko da likita ya yi min ita ce ko akwai kafet a ɗakin kwanansa. Ya ce akwai wasu 'yan ƙwari da ido ba ya gani, suna zama cikin kafet da katifa da filo, ɓurɓushin fatar jikin mutum suke ci, danshi kuma shi ke raya su, kashinsu ne ke tayar wa masu asma ciwo. Ki haɗa da ƙurar hunturu da ke shiga ko kin rufe taga. Tsintsiya sama kawai take shafa, injin zuƙar ƙura kuwa sai da wuta. Sannan yaro ya tsula fitsari a kafet ɗin da ba ya ɗaguwa, ta yaya za ki kwarara ruwa ki tabbatar najasa ta fita? Ni kullum cikin kokwanto nake, ko da darduma zan yi sallah.

Amma kada ki ɗauka tayil ba shi da nasa. Da Allah ya ba mu namu gidan, na rantse sai mai sheƙin nan da kike ganin fuskarki a ciki. Wata biyu da tarewa Hajiyar Baban yara ta fito daga alwala da jiƙaƙƙiyar ƙafa, santsi ya kwashe ta. Allah ya taƙaita, targaɗe ne a hannu, amma kallon da dangin miji suka yi min sai ka ce ni na tura ta. Don haka ki nemi mai kaushi, musamman banɗaki da kicin da ƙofar shiga. Ki zuba ɗan ruwa a kai tun a shago ki murza da tafin hannu, kada ki ji kunyar mai kaya. Fari tas ma ki guje shi, ko gashi ɗaya ya faɗi sai ya nuna. Kuma da sanyi tayil kamar ƙanƙara yake, tsofaffi suna kuka da shi, kofin tangaran ya faɗi kuwa sai dai shara.

In za ku kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa a nan Kano sayayya, ku tafi da awon ɗaki. Tayil mai santimita 60 da 60 yawanci guda 4 ne a kwali, ɗaki mai ƙafa 12 da 12 zai ci kwali 10. Ku ƙara ɗaya ko biyu ku ajiye, don in ya fashe daga baya da wuya ki samu kalar da ta yi daidai. Mai sa tayil kuma ki tsaya a kansa. Namu na farko ɗan siminti yake ɗiga wa a kusurwoyi ya ɗora, tsakiya fanko. Kafin ku cika masa kuɗi ki bi da mukulli kina ƙwanƙwasa ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya yi ƙara kamar ganga ya cire ya sake. Na banɗaki ki zuba bokitin ruwa a gabansa ki ga ko ya nufi magudana.

Shi Oga kada ki yi jayayya da shi, laushi yake so da wurin miƙe ƙafa in ya dawo. Ki ce a sa tayil a sayo santa kafet babba a tsakiyar falo, ƙarami a gefen gado. Ni haka na yi, duk sati biyu a naɗe a kai rana a kakkaɓe, in yaro ya ɓata a wanke a shanya a katanga. Ba ki dai faɗa mana ba ko gidan naku ne ko haya. In haya ne kada ki zuba kuɗin tayil a gidan wani, ki sa leda mai kauri, kina ɗaga ta lokaci-lokaci don ita ma tana tara gumi. Kuma don Allah ki je ki ga gidan ranar da aka yi ruwa, ki duba kwata da tsayin dokin ƙofa.

Kafet ɗin jerena dai yanka shi muka yi, gefe ɗaya ne ya tsira. Yana nan a ƙofar kicin ana goge ƙafa, kuma har yau ban iya faɗa wa Gwaggo ba.