Abin da ya hana ni ba dattijon nan maganin olsa

Ɗazu ka tambaye ni me ya sa na sallami dattijon nan ban sayar masa da maganin olsa ba, alhali shi ya nema da bakinsa. Jawo benci, ɗana, ka ji.

Ka tuna abin da ya ce? Ciwon ba ya tashi sai ya ci abinci. Minti 20 zuwa 30 da tsame hannu daga kwano, cikin ya murɗe shi awa ɗaya ko biyu, sannan ya lafa. Har tsoron tuwo yake yi. Ka ga yadda rigarsa ta yi masa yawa. Ga hawan jini, ga taba tun yana saurayi.

Ranar da ka bi ta kwata, ka ce masu wankin kayan ciki su ɗaga maka hanjin rago a rana. Za ka ga wata siririyar fata mai kitse tana riƙe da shi, jijiyoyin jini sun bazu a cikinta kamar saiwa. Namu ma haka yake. Ƙaramin hanjin mutum yakan kai mita 6, cikinsa kuwa duk gashi-gashi ne kamar na tawul, kowane sili da tasa jijiyar. Su ne ke tsotse amfanin abinci, jini ya kwasa ya kai hanta. Da an ci abinci sai hanji ya buƙaci ƙarin jini. To in maiƙo ya daskare a bangon jijiya ta ƙuntata, jinin ba zai wadata ba, kuma kawunan gashin nan ne ke fara galabaita. Mutum ya rage ci don tsoro, ɗan abin da ya ci ma bai gama shiga jiki ba, wani har da gudawa.

Omeprazole, maganin olsar da ya nema, ruwan tsamin ciki yake ragewa, ba ya buɗe jijiya. Da na ba shi, gida zai koma ya zauna jiran sauƙi. Ranar da gudan jini ya toshe hanyar gaba ɗaya kuwa, cikin 'yan awoyi hanji ke fara mutuwa, sai tiyata.

Ramar tsoho da ciwon ciki, ko ba jijiya ba ce, ta fi ƙarfin kantinmu. Shi ya sa na ja ɗansa gefe na ce gobe da sassafe su wuce Asibitin Malam Aminu Kano, likita ya duba shi a ɗauki hoton cikin. In sun dawo da takarda ba na nan, ka kira ni kafin ka ba su komai.