Ku Tambaya Mu Amsa: Ina kifin ya shige tunda kaka ta shigo?

TAMBAYA: Salam Malam, ina zaune ne a jihar Tennessee ta Amurka, kusan duk ƙarshen mako ina zuwa fatsa a tafkin Kentucky. Lokacin zafi ina samun kifin bas (bass a Turance) sosai a can tsakiya wajen zurfi, amma tunda Oktoba ta kama ko taɓa ƙugiyar ba sa yi. Sannan kifin kirafi (crappie a Turance) in na kama sai ya suɓuce kafin ya iso hannuna. Don Allah a taimaka min da shawara.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kifinka na nan bai je ko'ina ba, abincinsa ne ya tashi shi kuma ya bi shi. Akwai ƙananan kifaye masu ƙyalli da ake kira shad, su ne cimar bas a wannan tafkin, to da zarar ruwa ya fara sanyi sai su bar tsakiya su kwararo cikin lungunan da ƙoramu ke shigowa, garke guda, bas kuma na biye da su yana ci ba ƙaƙƙautawa don yana tara kitse kafin hunturu. Kai kuma kana can inda ka saba tun watan Yuli kana jira.

Saboda haka ka bar wajen nan. Shiga lungu da sassafe ka kashe inji ka zuba ido kawai. Za ka ga saman ruwa na ɗan motsi kamar ana yayyafi alhali ba hadari, wani lokacin ƙananan su yi tsalle su watse, sai ka ji fal! babba ya kai cafka daga ƙasa. In ka ga tsuntsaye na ta shawagi suna faɗawa ruwa wuri ɗaya to can za ka nufa. Jefa koton roba fari ko mai ruwan azurfa wanda girmansa ya yi daidai da shad ɗin da kake gani, ka riƙa ja da ɗan sauri kana tsayawa, yawanci a tsayawar nan yake kamawa. Kuma kar ka guji gaɓar da iska ke bugawa, ni dai ita na fi so ko da riƙe kwale-kwale a wajen akwai wahala, don nan iska ke tara abincin ƙananan.

Wani abu da mutane ke mantawa, tafkin Kentucky dam ne da hukumar TVA, mai kula da madatsun ruwan yankin, ta kammala a 1944 a kan kogin Tennessee, kuma duk shekara ana rage tsayin ruwansa daga ƙafa 359 sama da matakin teku na lokacin zafi zuwa 354 na hunturu. Ƙafa 5 ba wasa ba ne, kututturen da kifi ke fakewa a gindinsa watanni 2 da suka wuce yanzu yana iya zama a sarari rana na dukansa. Ka kula da farfelar injinka ma.

Za ka ji masunta na maganar juyewar ruwa, wato ruwan sama ya huce ya yi nauyi ya gauraya da na ƙasa, tafki ya gurɓace har da ɗan wari, kifi ya ƙi ci na wasu kwanaki. Gaskiya ne, amma ya fi faruwa a tafkuna masu zurfi da ruwansu ke tsaye, naka kogi na ratsa shi, ban ga dalilin ɗora masa laifi ba.

Batun kirafi kuma hannunka ne ya yi ƙarfi. Fatar bakinsa siririya ce ƙwarai, in ka fizga yagewa take. Ɗaga sanda kawai a hankali, kar zare ya yi sako-sako, ka tare shi da ƙaramar koma tun yana cikin ruwa. Zare mai laushi da ke jure nauyin fam 4 zuwa 6 ya isa, da ɗan ƙaramin kifi mai rai a ƙugiya. Neme su jikin rassan da suka nutse ko ginshiƙan gada, wajen zurfin ƙafa 10 zuwa 20, kuma koton ya tsaya a samansu kaɗan don sama suke kallo in za su ci. In ka samu ɗaya kar ka matsa, a garke suke.

Lasisinka ya zama bai ƙare ba, ka kuma duba littafin dokar bana saboda tafkin ya ratsa jihohi 2. Kirafin da bai kai inci 10 ba ka mayar da shi ruwa, bas kuma inci 15. Rigar ceto kuwa don Allah a jikinka take ba a ƙarƙashin kujera ba, ruwan Nuwamba na sandarar da gaɓoɓin mutum cikin 'yan mintuna ko da ya iya iyo.