Amsa: Ba an kwashe makamai masu guba na Siriya tun 2014 ba?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa ake sake maganar bayan faɗuwar Assad, tsohon shugaban Siriya. An kwashe, amma abin da gwamnatinsa ta bayyana kaɗai, kimanin tan 1,300, bayan harin guba da aka kai yankin Ghuta, kusa da Damaskus, a 2013. Sai ga wani harin da iskar guba mai suna sarin a garin Khan Shaikhun a 2017, ka ga ashe an yi rufa-rufa.

Da Assad ya tsere a Disamba 2024, shugaban hukumar hana makamai masu guba ta duniya (OPCW), Fernando Arias, ya je Damaskus a Fabrairu 2025 ya gana da sabon shugaban ƙasar, Ahmed al-Sharaa. A ganina a lokacin sabbin mahukuntan so suke a janye musu takunkumi, shi ya sa suka buɗe ƙofa. Wahalar ita ce gano maɓoyar, tunda wuraren da ake zargi sun haura 100.