Buton ɗin ampili na yin ƙara in an murɗa shi, me za a fesa masa?

Tambaya: Salamu alaikum malam. Ina kaɗa gita a wuraren biki nan Damagaram, to tun da hunturu ya shigo in na murɗa buton ɗin bolim na ampili sai ya riƙa yin ƙarrr ƙarrr, wani lokaci ma murya ta ɗauke gaba ɗaya. Wani abokina ya ce in fesa WD-40, wani ya ce esansi. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Don Allah kar ka bi ko ɗaya. Esansi na cinye roba, ga haɗarin wuta, shi kuma WD-40 na gama-gari mai ne yake bari, ƙarar za ta ɓace na ɗan lokaci ka ji daɗi amma man nan shi zai riƙa kama ƙura har abin ya fi da lalacewa, ka kuma san yadda hazon garin nan yake daga Disamba zuwa Fabrairu.

Abin da ke bayan buton ɗin shi ake kira potansiyo. In ka buɗe za ka ga ɗan gwangwani mai ƙafa uku, cikinsa akwai zoben gawayi siriri da wani ɗan harshen ƙarfe da ke gogarsa in ka murɗa. Ƙura ko tsatsa in ta shiga tsakaninsu sai harshen ya riƙa taɓawa yana saki, wannan taɓa-sakin ne bafil ke fito maka da shi a matsayin ƙara.

Kafin ka kashe ko dala, kashe ampilin ka murɗa buton ɗin daga farko har ƙarshe kamar sau 30 da ɗan sauri, sau da dama wannan kaɗai na share dattin, musamman butonan bas da tirebil da mutum ke barinsu wuri ɗaya wata da watanni.

In bai yi ba sai ka nemi bom ɗin kontak, wato gwangwanin feshi na wanke mahaɗar kuran, wajen masu kayan lantarki, duba kasuwar Dole ko ka tambayi masu gyaran rediyo da tele. Mai suna KF F2 na yi, DeoxIT F5 ma an yi shi ne musamman don irin wannan zoben gawayin in ka samu mai kawo maka. Cire fil daga kuran gaba ɗaya, kashe makunni kawai bai isa ba. Kwance ampilin ka duba gindin ƙafafu ukun nan, akwai ƴar kafa a jikin gwangwanin, nan za ka sa bakin siririn tiyon bom ɗin ka danna sau ɗaya a hankali, ka murɗa ka murɗa, in ruwan da ya gangaro baƙi ne ka ƙara ɗan kaɗan. Sa tsumma ƙasa kar ya jiƙa sauran kaya, ka bar shi kamar minti 15 ya bushe kafin ka maida kuran. Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu cire buton su fesa ta gaba ta jikin sandar, wallahi ruwan ba ya kai inda ciwon yake, sai dai ya wanke girishin da ke sa buton ya yi ɗan nauyi a hannu, daga nan ya koma sako-sako.

Kai naka in mai taransisto ne da sauƙi, duk da haka kar ka taɓa ɓangaren da kuran 220 ke shiga. Amma duk mai ampili mai lampu, wato mai ƙwayayen gilashi da ke ɗaukar zafi a ciki, ina roƙonsa ya kai wa mai gyara, don manyan kondansater ɗinsa, wato kayan da ke tara kuran, na iya riƙe bolt 400 ko fiye ko bayan an cire fil, kuma wannan na kisa.

Sai kuma in ka wanke ƙarar tana nan. In wuri ɗaya take yi kullum, inda ka saba aje bolim, zoben ne ya cinye a nan, babu bom ɗin da zai gyara shi sai canji. Karanta rubutun bayansa, misali A100K ko B50K, ka sayi mai irin lambar da irin harafin, A ake yawan sa wa bolim don ya fi tafiya daidai da yadda kunne ke ji, in ka sa B a gurbinsa murya za ta yi tsalle tun farkon murɗawa. In kuwa ƙarar na bin buton ɗin ko'ina kamar ana jan tsintsiya a siminti, har da sabon potansiyo, to galibi wani ƙaramin kondansater ne ke yoyon kuran DC, wato kuran mai tafiya hanya ɗaya, cikin potansiyon, mai gyara ya auna ƙafafun da mita, ya kamata ya ga kusan sifili.

Ka kuma gwada ka cire fil ɗin gitar ka murɗa, don wani lokaci buton ɗin gitar ne ko bakin jak ke da laifi. Bayan gyara ka sa tela ya ɗinka maka riga ta tampol, in an tashi daga biki ka rufe ampilin kafin a ɗora shi a kabu-kabu.